Layun da Na Rataya wa Magunan Yaya Murja

Yayata Murja shekara talatin da ɗaya ta yi tana aiki a rajistar wata ma'aikatar tarayya, can ƙasan bene inda ake ajiye fayil-fayil, kuma har ta yi ritaya ba a taɓa cewa takarda ta ɓata a hannunta ba. Mace ce da take rubuta kwanan wata a jikin robar daddawa. Ni Halima, ƙanwarta, tela ce a Dutse Alhaji, layi biyu ne tsakanin shagona da gidanta, kuma almakashina ma sai na yi cigiyarsa sau uku a wuni. Uwa ɗaya uba ɗaya muke, amma wallahi wani lokacin sai in dube ta in ce anya kuwa?

Aure ne ya kawo ta Abuja daga Zariya. Mijinta Malam Salisu ya rasu 'yarsu tilo, Zuhra, tana aji uku a sakandare, ita kaɗai ta ƙarasa renonta har ta aurar da ita Gombe. Kullum da sassafe tana bakin titin Bwari tana jiran mota, jaka a hammata, takalmi a goge. Ba ta da yawan magana, ba ta zuwa biki sai na dole. Irin matan nan ne masu kunyar 'yar fari, ko sunan Zuhra ba ta faɗa, sai dai ta ce "mutuniyar Gombe".

A rajistar nan ta haɗu da Darakta. Ɓeraye sun addabi fayil ɗin mutane, sai ga wani ɗan muzuru ya shigo ta taga wata safiya ya ɗauki aikin ba tare da an ba shi ba. Ma'aikata suka sa masa Darakta saboda ba ya gaida kowa, kuma kujerar da ya ga dama ita yake hawa. Shekara tara suna aiki tare. Ranar sallama, 'yan uwanta masu ritaya suka fito da agogon bango da kwalin kofuna, ita kuwa ta fito da muzuru a kwali ta hau motar Dutse.

Daga baya aka samu ƙari. Wata farar mage ta faɗo ta katanga, ta leƙa tukunya, ta ga gidan ya yi mata, aka sa mata Kashiya don ta fi kowa cika ido. Bara kuma Yaya ta tsinto wani ɗan baƙi a kwalbati bayan ruwan sama, ba ya tafiya sai gudu, ya zama Masinja.

Shekara uku da suka wuce likitar dabbobi, wata Dakta Kindness da ke Gwarinpa, ta ce ƙodar Darakta ta fara gajiya. Daga ranar ba kifi, ba nama, ba komai sai wani abinci na musamman, kaɗan-kaɗan sau shida a wuni. Kashiya kuma ƙiba ta yi mata yawa, nata na rage teɓa ne. Da Masinja ya zo sai ga na uku, mai maiƙo, na masu girma, wanda idan Darakta ya ci zai iya kwantar da shi. To ku ji yadda gidan ya koma. Ɗaki uku, ƙofa uku, ɗan sikeli a kan firji. Ta auna, ta kai wannan ɗaki ta rufe, ta kai wancan ta rufe, ta tsaya a tsakiya tana jira kamar mai gadin jarrabawa. An taɓa bar min su wuni ɗaya rak. Kafin la'asar Kashiya ta cinye na kowa, ta kwanta a kan atamfar da nake yanka. Tun daga nan Yaya ba ta sake kwana a wajen gidanta ba.

Sai Zuhra ta samu ciki. Da an so ta dawo gida wanka kamar yadda aka saba, amma jininta ya hau, likitoci suka hana ta doguwar tafiya. Ke nan uwa ce za ta je Gombe ta yi mata kwana arba'in. Ina zaune a falon ranar da Zuhra ta kira, muryarta tana fitowa a fili.

"Umma, za ki zo dai ko? Ko sai na rubuto wa Darakta takardar neman izini?"

Zuhra ta yi dariya, amma ni na san dariyar. Yarinyar nan ta yi ɓari a shekarar farko ta aurenta, uwarta ta je da safe ta juyo washegari saboda muzuru. Ba ta manta ba. Yaya ta ce, "Allah ya kai mu," ta ajiye waya, ta zauna tana kallon sikelin nan. Ni kuwa raina ya ɓaci, na ce mata, "Yaya, in kika sake yi wa yarinyar nan haka, ba za ta ƙara roƙonki komai ba har abada."

Dakta Kindness ce ta kawo mafita. Ita ta nuna wa Yaya wata na'ura a waya, mijin Zuhra, Abdulmajeed, ya sa aka aiko da guda uku daga Legas. Ranar da suka iso, kai! Na rufe shago da rana tsaka na rugo. Kowace kamar babbar kular abinci take. A sama akwai rumbu da yake ɗaukar busasshen abinci na kwana goma, a ƙasa akwai kwano mai murfi garai-garai kana hango abin da ke ciki. Kowace mage ana rataya mata ɗan maɓalli a wuya, bai fi na rigar sanyi ba. In mai maɓallin ya matso sai murfin nasa ya buɗe da kansa, in ya juya ya rufe. Wanda ba nasa ba ne ko zai shekara a tsaye ba zai buɗe ba. A ƙarƙashin kwanon akwai sikeli, duk abin da aka ci sai ya rubuto wa Yaya a waya, da suna da lokaci da giram. Har da batir saboda ɗauke wuta.

Yaya ta karanta takardar bayanin tun daga bango har bango, sau biyu, da jan biro a hannu. Ta jera na'urorin a ɗan lungun bayan kicin, ta manna wa kowace suna. Da Darakta ya tako a hankali, yana wani basarwa, murfi ya yi zuuu ya buɗe, sai na ji na saki guɗa ban sani ba. Kashiya ta taho a guje ta ture shi, murfi ya rufe ƙirif a gaban hancinta. Ta dube shi, ta dube mu. Ta sa hannu ta daka, ta zagaya baya, ta hau sama ta zauna da dukkan nauyinta. Ina! Na yi dariya har na riƙe ciki, Yaya kuwa, wadda sai ka yi wata ba ka ga haƙorinta ba, tana tafa hannu tana cewa, "Kin gamu da daidai ke, ɓarauniya!"

Labari ya zaga layi. Matan maƙwabta suka dinga shigowa kallo, wata da goyo, wata da muciya a hannu. Janet mai sayar da lemo ta ce don Allah a tambaya mata ko akwai irinta ta mutane, tana da masu buɗe mata tukunya a gida. Cikin mako biyu magunan suka saba. Yaya ta sauko da babbar akwati daga kan kabad, ta fara dakan yajin jego, ta sayo kanwa da gero da kuka. Aka sa ranar tafiya Asabar. Na daɗe ban ga yayata da sauƙin jiki irin na kwanakin nan ba, har waƙa na ji tana yi a kicin.

Matsala ɗaya ce. Maɓallan a jikin wata 'yar zobe ta roba suke rataye, kuma Masinja sau biyu yana tsinke nasa. Na farko a ƙarƙashin firji aka same shi, na biyu a magudana. In ya ɓace Yaya ba ta nan, yaro ya kwana da yunwa ke nan.

To a nan ni mai basira na shigo. Ranar Litinin Yaya ta tafi tantance 'yan fansho, abin da ke cin wuni guda. Na zauna ina tunani, na ce yo mu da muka tashi muka ga duk abin da ake tsoron ɓatansa a wuya ana ɗinke shi a fata, me zai gagare mu? Na kwance maɓallan nan uku, na ƙulle su wuri ɗaya a bakin mayafina, na hau Keke mai ƙafa uku sai kasuwar Dutse wurin Malam Baffa baduku. Ya jujjuya su ya ce, "Hajiya, wannan wace irin laya ce?" Na ce ta maguna ce. Ya ce to Allah ya ba da sa'a, bai ƙara tambaya ba. Cikin awa ɗaya ya ɗinke su tsaf, ja da kore da ruwan ɗorawa, kowace da igiyarta mai laushi. Aikin ya yi kyau, ba zan ɓoye ba.

Yaya ta rubuta harafin kowace mage a bayan maɓallinta. Na gani da idona, amma yanzu fata ta rufe, kuma ni ko a jikina, a zatona maɓalli maɓalli ne. Da na dawo sai idon tela ya motsa. Na ɗora ja a wuyan Kashiya na ga ya hau da farin gashinta. Ruwan ɗorawa ya haska baƙin Masinja. Kore ya tafi ga Darakta, ya ba shi kwarjinin manya. Na ja da baya na kalle su na yaba wa kaina.

Yaya ta dawo a gajiye ta gani, ta ja igiyar ta ji ƙarfi, ta ce, "Halima, yau kin yi kai." Shekara hamsin ina jiran wannan kalma daga bakinta!

Kuma abin da ya rufe ɓarnar shi ne shawarar likita. Ta ce wa Yaya a kwana biyar na ƙarshe ta yi kamar ta riga ta tafi, kada ta leƙa lungun, ta dogara da waya kawai, ni ce zan riƙa shiga in canza ruwa in kwashe yashi. Ni kuwa in na shiga na ga kowa kansa a kwano, shi ke nan, ban taɓa duba wane ne a gaban wane suna ba. Waya kuma sai albishir take kawowa. Darakta ya cinye nasa tas. Darakta ya sake cinyewa tas. Muzurun da shekara uku ana lallashinsa! Yaya ta kira Gombe da kanta ta ce a gyara mata ɗaki.

Ranar Alhamis da hantsi ta kira ni. "Zo yanzu." Na tarar da Darakta a gaban kwanon ruwa, kansa a sunkuye, ya yi amai sau biyu. Yaya tana zaune a kujera, tabarau a hanci, tana bin wayar layi-layi da yatsa kamar yadda take bin fayil.

"Duba nan," ta ce. "An ce Darakta ya ci giram goma sha biyu cikin minti ɗaya. Darakta haƙoransa nawa suka rage? Bai taɓa gama cin abinci a tsaye ɗaya ba. Wannan cin Kashiya ne. Nan kuma an ce Masinja yana ci kaɗan ya tafi, ya dawo, ya tafi. Yaushe Masinja ya koyi yanga?"

Ta tashi ta ɗauki Darakta ta kai shi gaban na'urarsa. Murfi ko motsi. Ta matsa da shi gaban ta Masinja, sai zuuu. Nan take na gane. Kwana uku ke nan tsohon nan yana cin abincin da aka hana shi, yana ci da marmari, Kashiya tana share nasa, Masinja kuma yana fama da abincin rage teɓa. Yaya ta juyo ta dube ni.

"Da kika kai su wurin baduku, a ware kika kai su?"

Na ce, "A ƙulli ɗaya."

"Da kika rataya fa?"

Na ce, "Na bi kalar gashi."

Da ta zage ni da na ji sauƙi. Sai kawai ta ɗauko kwando ta sa Darakta, muka tari mota zuwa Gwarinpa.

Dakta Kindness ta ɗebi jini, ta sa masa ƙarin ruwa, ta ce a bar shi ya kwana biyu. Da sakamako ya fito ta zaunar da mu, ta yi magana da Hausarta ta Abuja. "Mama, zai tashi, wannan karon zai tashi. Amma bari na faɗa maki gaskiya. Wannan oga ya kai shekara sha shida. Ƙoda ba ya dawowa sabo. Zai iya yin shekara, zai iya yin wata biyu, ko kina gida ko ba ki gida. Injin bai yi laifi ba, abin da aka rataya shi ya karanta."

Na ce, "Ni ce injin da ya lalace, Dakta." Ba wanda ya yi dariya.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci Abdulmajeed ya kira. Jinin Zuhra ya ƙara hawa, likitoci sun ce ba za su jira ba, tiyata za a yi ranar Litinin. Na je gidan na tarar da akwatin a buɗe a tsakar ɗaki, Yaya ta fito da rabin kayan ta jera a kan gado. Robar yajin jego tana hannunta.

Na ce, "Me nake gani haka?"

Ta ce, "In na tafi ya mutu fa? Ya mutu ba na nan?"

Sai na fashe. Kunyar laifina da haushinta suka haɗu suka tuƙe ni. Na ce, "In kika zauna kuma aka shiga da 'yarki ɗakin tiyata tana waige-waige ba uwarta fa? Yaya, ni na yi ɓarnar nan, ni! Ba Zuhra ba ce ta bi kalar gashi. Ki hukunta ni, ki daina min magana shekara guda, na yarda. Amma kada ki cire kuskurena a jikin yarinyar nan. Muzuru yana da ni, yana da likita, yana da inji uku. Ita wa take da shi?"

Na faɗa ina kuka, majina har baki, ni da nake taƙama ba a ganin hawayena. Yaya ta ajiye robar yajin cikin akwati, ta buɗe durowa ta ɗauko farar takarda da biro.

"Zauna," ta ce. "Ba a barin ofis sai an miƙa aiki."

Wallahi shafi uku ta rubuta. Lokacin zuba abinci a kowane rumbu, wane buhu na wace na'ura, yadda ake duba batir, yadda ake gane Darakta ba ya jin daɗi tun kafin ya yi amai, lambar likita a sama da ƙasa. Ranar Asabar da aka sallamo shi ta kwance layun nan, ta gwada kowace a gaban na'urori ɗaya bayan ɗaya ina kallo, ta rubuta suna ɓaro-ɓaro da baƙin alƙalami a jikin fatar. Ja ta koma wuyan Darakta. Ba ta hau da shi ba ko kaɗan, amma na ja bakina na yi shiru. Ta sa na ɗauki kowace mage da hannuna na kai ta gaban kwanonta sau uku. Sannan ta ce in sa hannu a ƙasan takarda, na sa.

Lahadi da safe na raka ta tashar Jabi. Kafin mu fita ta durƙusa ta shafa kan Darakta, ta ce masa, "Oga, na tafi hutu." Shi kuwa ya juya mata ƙeya kamar yadda ya saba. A mota tana ta duba waya, na ce a raina wannan matar jikinta ne kawai zai je Gombe.

Litinin da azahar Zuhra ta sauka lafiya, mace. Na yi guɗa a shago har mai gwajin riga ta tsorata. Na kwaso kayana na tare a gidan Yaya, keken ɗinkina a falo, takardar miƙa aiki manne a jikin firji. A kwana biyun farko sau tara ta kira ni. Me ya sa ya ci giram bakwai kawai? Kin canza ruwa? Wane ne ya je kwano ƙarfe biyu?

Ranar Laraba da la'asar ta kira ta bidiyo. Na yi sauri na nufi lungu, don Darakta yana tsaye a gaban kwanonsa yana ci a hankali, wuyansa da jar laya. Na juya masa wayar ina cewa, "Ga ogan naki, kin gan shi, garau!"

"Na gan shi," ta ce. "Juyo da fuskarki, magana zan yi."

Na juyo. Tana zaune a bakin gadon asibiti, ɗankwali ya zame, jaririya a ƙirjinta. Zuhra tana kwance a gefe, kanta a jingine da cinyar uwarta, idonta a lumshe.

Yaya ta rage murya. "Abdulmajeed zai turo miki wata lamba. Ki sa manhajar na'urorin nan a wayarki, ni ya cire min ita daga tawa."

Na ce, "Yaya? Ke da kanki?"

"Duk sanda murfi ya buɗe sai ta yi ƙara, tana tayar min da su. Jiya da kyar suka samu barci." Ta gyara wa jaririyar zani da hannu ɗaya, ɗayan yana kan goshin Zuhra. "In wani abu ya faru da shi, ki yi abin da ya dace, sannan ki gaya min. Sai bayan arba'in."

Ta kashe wayar tun ban amsa ba. Na tsaya a lungun nan ni da muzuru, ina dariya ina share ido da bakin mayafi.